Ibrahim Ɗantunku

Ibrahim Ɗantunku, wanda aka fi sani da Ɗantunku ko Ɗan Tunku (ya rasu a shekarar 1824), shugaban Fulanin Yarimawa ne na ƙasar Dambatta da ke arewacin Kano. Shi ne ya kafa Masarautar Kazaure, ya kuma zama sarkinta na farko daga 1819 zuwa 1824. Yana cikin mutanen da ake kira masu tuta, wato shugabannin da suka karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da ya bambanta shi da sauran masu tuta shi ne tasa tutar ta zama abin jayayya. Ya yi kimanin shekara biyar yana yaƙi da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a kan ko wanda ya karɓi tuta daga Shehu yana iya zama talakan wani sarki, har sai da aka kai maganar gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yanke hukunci.

Asali da ƙasarsa

Ɗantunku Bafulatani ne daga zuriyar Yarimawa, waɗanda ake danganta asalinsu da ƙasar Borno. A ƙarshen ƙarni na 18 jama'arsa suna zaune a yankin Dambatta, a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Daura. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Kano Muhammadu Alwali, sarki na ƙarshe daga gidan Kutumbawa.

Arewacin Kano ƙasar noma ce mai cike da mutane. Ƙauyuka suna kusa da juna, gonakin gero da dawa da wake sun haɗe, kuma manoma sun daɗe suna ba Fulani makiyaya wuri a gonakinsu bayan girbi domin takin shanu. Daga arewa maso yamma ƙasar ta fara duwatsu da tuddai, inda Kazaure take a yau. Nan ne kuma iyakokin Kano da Katsina da Daura suka haɗu. Duk wanda ya riƙe wannan kusurwa yana iya tare hanya tsakanin sarakunan uku, kuma wannan shi ne jarin da Ɗantunku ya shiga jihadi da shi.

Tuta a zamanin jihadi

Domin a fahimci rigimar Ɗantunku da Kano sai an san abin da tuta take nufi ga mutanen wancan zamani. Shehu da almajiransa sun ɗauki al'adar ce daga tarihin Musulunci na farko. Littattafan sira sun bambanta iri biyu: liwa'i, wadda take tutar shugaban runduna, da raya, wadda ɓangarorin runduna suke yaƙi a ƙarƙashinta. Miƙa wa mutum tuta naɗi ne. Mus'abu ɗan Umairu ya riƙe tutar Musulmi a Badar da Uhudu, an ba Aliyu ɗan Abi Ɗalib tuta a Haibara, a yaƙin Mu'uta kuma tuta ta bi hannun kwamandoji uku ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya faɗi na bayansa ya ɗauka. Malaman Sakkwato sun san waɗannan labarai sarai.

Bayan hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804 da nasarar Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, shugabannin jama'a daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa ko aikowa don yin mubaya'a. Wanda aka amince da shi sai a ba shi tuta, a yi masa addu'a, ya koma ƙasarsa da izinin yaƙi. Tutocin ba su da ado irin na tutocin ƙasashen yau. Ƙyallen auduga ne, akasari fari, da ake ɗaurawa a doguwar sanda, wasu kuma da rubutun Larabci a jikinsu. Darajar tuta ba ta zo daga launinta ko zanenta ba, ta zo ne daga hannun da ya bayar da ita. Tuta biyu suna iya kama da juna a ido, amma ɗaya ta Shehu ce, ɗaya ta wani sarkin yaƙi ce, kuma tsakaninsu akwai nisa mai yawa.

Littattafan makaranta sukan kawo jerin masu tuta goma sha biyu ko goma sha huɗu, ciki har da Umarun Dallaji na Katsina, Malam Isiyaku na Daura, Malam Musa na Zazzau, Yakubu na Bauchi, Buba Yero na Gombe, Modibbo Adama na Adamawa, Malam Ibrahim Zaki na Katagum, Gwani Muktar na ɓangaren Borno, Sulaimanu na Kano da Ɗantunku na Kazaure. Wannan jeri yana sa mai karatu ya zaci kowace tuta ta zo da masarautarta tun daga farko. Ba haka abin ya kasance ba. Idan aka duba abin da ya faru da masu su, tutocin sun kasu aƙalla gida uku. Akwai tutar da mai ita ya ci babbar ƙasa ya zama sarkinta, kamar ta Yakubun Bauchi. Akwai tutar da Shehu ya ba wani shugaba amma sarautar ƙasar ta tafi wani gida: a Katsina, Umarun Dumyawa da Na-Alhaji suna cikin jagororin da aka sani da tuta, amma Umarun Dallaji ne ya zama sarki, zuriyar sauran biyun suka zama manyan hakimai. Sai kuma tutar da mai tuta ya ba na ƙasa da shi, kamar yadda Modibbo Adama ya yi wa shugabannin Fulani da dama a ƙasar Fombina, waɗanda suka riƙa bin Yola.

A Kano ma riƙon tuta da riƙon gari ba su zama abu ɗaya ba. Ruwayar Kano tana cewa Malam Jamo na Sulluɓawa, ɗan'uwan Ibrahim Dabo, shi ne mai kula da tutar jihadi, alhali Sulaimanu ne aka naɗa sarki. Daga gidan Malam Jamo ne ake naɗa Sarkin Dawaki Mai Tuta, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki huɗu na Kano. Ke nan a wancan lokaci babu wata ƙa'ida ɗaya rubutacciya da ta fayyace iyakar haƙƙin mai tuta. Ɗantunku ya faɗa cikin wannan giɓi.

Yadda ya sami tuta

Jihadi a Kano ba mutum ɗaya ya jagorance shi ba. Gidaje ne suka haɗu: Sulluɓawa ƙarƙashin Malam Jamo, Joɓawa ƙarƙashin Malam Bakatsine, Yolawa ƙarƙashin Malam Jibir, Danejawa ƙarƙashin Malam Ɗanzabuwa, Dambazawa ƙarƙashin Malam Dabon Dambazau, tare da wasu malamai Hausawa. Babban abin da suke tsoro shi ne sarakunan Haɓe su haɗa ƙarfi, domin Sarkin Gobir Yunfa ya riga ya aika wa takwarorinsa yana jan kunnensu game da jama'ar Shehu.

Ɗantunku ne ya hana rundunonin Katsina da Daura haɗuwa da ta Alwali a farkon yaƙin. Kamar yadda H.A.S. Johnston ya bayyana a littafinsa na tarihin Daular Sakkwato da aka buga a 1967, wannan aiki ne ya sa Shehu ya ba shi tuta. Daga baya ya taimaka wajen kafa mulkin Fulani a Daura, inda Malam Isiyaku ya zama sarki. Alwali kuwa ya sha kashi a Ɗanyaya da ke arewacin Kano, ya bar birni, daga ƙarshe aka kashe shi a Burumburum a 1807.

A sauran yaƙin cin ƙasar Kano, rawar da Ɗantunku ya taka ba ta kai ta gidajen da aka ambata a sama ba. Ya fi mayar da hankali ga ƙarfafa kansa a arewa. Wannan yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya, domin da aka zo rabon muƙamai da ƙasa a birnin Kano, gidajen da suka shiga birni ne suka raba, shi kuma yana can gefe da tutarsa da mayaƙansa da garuruwan da ya ci da kansa.

Zamanin Sarki Sulaimanu

Sulaimanu, sarkin Fulani na farko a Kano, malami ne daga gidan Munduɓawa, mai tsoron Allah da gudun duniya, wanda ba shi da babbar rundunar kansa. Manyan gidajen jihadi sun riƙa gudanar da yankunansu kusan yadda suka ga dama. A irin wannan yanayi matsayin Ɗantunku bai tayar da ƙura ba. A matsayinsa na mai tuta yana da damar kai caffa kai tsaye ga Shehu, bayan rasuwar Shehu a 1817 kuma ga Muhammadu Bello. Amma ƙasar da yake zaune a cikinta tsohuwar ƙasar Kano ce tun zamanin Haɓe, kuma ana ɗaukarsa a matsayin wanda yake ƙarƙashin inuwar Kano ta wata fuska. Muddin babu wanda ya matsa a fayyace, kowane ɓangare yana iya riƙe fahimtarsa, a zauna lafiya. Haka aka yi har Sulaimanu ya rasu a 1819.

Saɓani da Ibrahim Dabo

Wanda ya gaji Sulaimanu shi ne Ibrahim Dabo na Sulluɓawa, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Kano tun daga lokacin. Dabo ya hau gado ne ya tarar da ƙasa tana tawaye ta ko'ina. Ya ƙuduri aniyar mayar da iko hannun sarki, ya farfaɗo da tsofaffin sarautun Kano, ya bi garuruwan da suka ƙi shi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya jawo masa laƙabin Cigari.

Dabo ya nemi Ɗantunku ya yi masa mubaya'a. Ɗantunku ya ƙi. Hujjar kowannensu a fili take. A wajen Dabo, Sarkin Musulmi ya naɗa shi a kan ƙasar Kano dukkanta, Dambatta kuwa Kano ce, kuma idan ya ƙyale mutum ɗaya ya fita saboda yana da tuta, to gobe wani gidan ma zai kawo tasa hujjar. A wajen Ɗantunku, hannun da ya ba Kano tuta shi ne ya ba shi, saboda haka shi da Sarkin Kano 'yan'uwa ne a gaban Sakkwato, babu uba babu ɗa a tsakaninsu. Mai nazari a yau zai ga cewa duka biyun suna da abin kamawa, shi ya sa magana ba ta kashe rigimar ba.

Martanin Dabo ya kasance na siyasa kafin ya zama na takobi. Ya ɗauki arewacin Kano, har da garuruwan da Ɗantunku ya ci lokacin jihadi, ya ba Sarkin Bai na gidan Dambazawa. Da wannan ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya faranta wa wani babban gida da ke da ƙarfin da zai iya zame masa matsala a cikin birni, ya kuma sa wa Ɗantunku kishiya a ƙofar gidansa. Daga nan sai yaƙi.

Kafa Kazaure da yaƙin shekara biyar

A 1819 Ɗantunku ya bar Dambatta ya koma cikin duwatsun arewa maso yamma, ya sauka a wani ƙaramin gari mai kafi, wanda ruwayar wurin ta ce maharba Hausawa ne suka fara zama a cikinsa. Ana cewa an kwatanta wurin da zaure saboda yadda tuddai suka kewaye shi, daga nan sunan Kazaure ya samo asali. Dabarar a bayyane take. Dambatta tana fili, dawakin Kano suna iya isa gare ta cikin sauƙi, amma duwatsu suna rage wa babbar runduna ƙarfi.

Yaƙin bai kasance na kullum ba. Kamar yawancin yaƙe-yaƙen lokacin, na rani ne, bayan an gama girbi hanyoyi sun bushe, da damina kuma kowa ya koma gona. Da farko Ɗantunku ne ke da rinjaye, mahayansa suna kai hari har kusa da ganuwar Kano. Sannu a hankali yawan mutanen Kano da dukiyarta suka fara aiki, aka riƙa tura shi baya, duk da haka bai daina addabar arewacin masarautar ba. Dabo ya mayar da Fanisau, wadda take arewa da birni a ƙaramar hukumar Ungogo ta yanzu, sansaninsa na yaƙi kuma ribaɗi mai tsare birnin daga wannan ɓangare.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan jayayya su ne manoman da ke tsakanin Fanisau da duwatsun Kazaure. A ƙasar da ƙauyuka suke manne da juna, mahara ba sa buƙatar doguwar tafiya kafin su sami rumbu da garke da mutanen da za su kama. Akwai shaidar gani da ido a kan haka. Matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Kano a watan Janairu 1824, ya tarar sarki ba ya cikin birni, yana sansaninsa na Fanisau yana shirin fita yaƙi da Ɗantunku. A tafiyarsa cikin ƙasar, kafin ya isa Sakkwato a watan Maris, ya wuce garuruwa da aka rushe, mutanensu sun watse, aka kuma shaida masa cewa aikin Ɗantunku ne. Wannan ɓangare na labarin ba a cika ambatonsa a jawaban bukukuwa ba, amma yana cikin tarihin mutumin. Abin lura kuma shi ne ɓangarorin biyu duk Musulmi ne, duk mabiya Shehu, duk masu tuta, kuma shekara biyu kacal da rasuwar Shehu suka fara.

A cikin 1824 Dabo ya yi babban yunƙuri na gama maganar. Ya ja runduna har cikin duwatsun Kazaure, ya kama sansanin da Ɗantunku ya mayar hedikwatarsa. Ba da daɗewa ba Ɗantunku ya dawo da harin ba-zata ya fitar da mutanen Kano. Da kowa ya ga ba zai iya gamawa da ɗan'uwansa ba, sai suka yarda a kai ƙara Sakkwato.

Hukuncin Sarkin Musulmi Bello

Muhammadu Bello, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya ba Ɗantunku gaskiya. Ya tabbatar da cewa ba ya ƙarƙashin Sarkin Kano, Sakkwato zai riƙa bi kai tsaye. Aka fitar wa Kazaure da ƙasarta a inda Kano da Katsina da Daura suka haɗu. Dambatta kuwa, garin da Ɗantunku ya fito, ta zauna a hannun Kano.

Hukuncin ya yi daidai da ƙa'idar cewa abin da Shehu ya ƙulla ba wani sarki ne zai kwance shi ba. Amma da wuya a ce ƙa'ida kaɗai ce ta yi aiki, tunda a Katsina masu tuta sun zama hakimai ba tare da an ba su masarauta ba. Bambancin Ɗantunku shi ne ya iya kare da'awarsa shekara biyar a fagen fama. Akwai kuma halin da iyakar arewa take ciki. Haɓen Katsina sun kafu a Maraɗi suna kai hare-hare, Haɓen Daura ba su haƙura ba, Damagaram kuma tana tasowa a ƙarƙashin Borno. Bello, wanda aka sani da manufar kafa ribaɗoɗi a kan iyakoki, ba zai so mayaƙan Kano da na Yarimawa su ci gaba da cinye juna ba alhali abokan gaba suna bakin ƙofa. Ana iya ƙarawa da cewa ƙaramar masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye a gefen Kano, wadda ta fi kowace masarauta arziki, ba asara ba ce ga Sarkin Musulmi.

Ba wannan ne karo na ƙarshe da Bello ya yi irin wannan gyara ba. Bayan wasu shekaru ya ba Mamman Manga, ɗan Gwani Muktar, garin Misau, domin gidan ya gaji tuta amma ya rasa ƙasar da aka ba shi tutar dominta a Borno.

Rasuwa da magada

Ɗantunku bai daɗe ba bayan samun abin da ya yi yaƙi dominsa. Ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi. Dambo ya yi sarauta har 1857, kuma a zamaninsa ne masarautar ta faɗaɗa, garin Kazaure ya zama gari sosai. Bayansa Muhammadu Zangi ya yi daga 1857 zuwa 1886, sai Muhammadu Mayaƙi daga 1886 zuwa 1914, wanda a zamaninsa Turawa suka ci Kano a 1903. Sarautar tana hannun zuriyar Ɗantunku har yanzu.

Kazaure da Dambatta bayansa

Turawan mulkin mallaka sun sa Kazaure cikin Lardin Kano, amma sun bar ta a matsayin masarauta mai sarkinta, ba gundumar Sarkin Kano ba, wato sun tarar da iyakar da Bello ya amince da ita suka ci gaba da aiki da ita. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967 ta kasance cikin Jihar Kano, a ranar 27 ga Agusta 1991 kuma ta koma sabuwar Jihar Jigawa. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi.

Kyautar da Dabo ya yi wa Dambazawa ita ma ta ɗore. Sarautar Sarkin Bai ta zauna a gidansu, mai riƙe da ita yana cikin masu zaɓen Sarkin Kano tare da Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma an daɗe ana danganta ta da hakimcin Dambatta. Matafiyin da ya tashi daga Kano zuwa Daura yana ratsa Dambatta a Jihar Kano, ya shiga Kazaure a Jihar Jigawa, sannan ya faɗa Jihar Katsina. Iyakar jiha da yake tsallakawa tsakanin garuruwan biyu na farko ta samo asali ne daga rabuwar da aka yi a 1824.

Yadda ake tuna Ɗantunku ya danganta da inda aka tsaya. A rubuce-rubucen da suka fito daga ɓangaren Kano yana cikin 'yan tawayen da Dabo ya yi fama da su a farkon mulkinsa, kuma da wannan ido Clapperton ya gan shi, tunda a bakin mutanen Kano ya ji labarinsa. A Kazaure shi ne mai tutar Shehu kuma kakan sarakuna, sunansa ne na farko a jerin sarakunan masarautar.